Jiƙon basir da na saya wajen wani dattijo

Wanda basir bai taɓa kamawa ba ba zai gane azabar zama ba, balle ni tela da nake wuni a kan keke. Abokin aikina ne ya yi mini kwatancen wani dattijo mai magani a bakin kasuwa, ba cikin masu lasifika a kan mota ba. Abin da ya burge ni, bai miƙo mini komai ba sai da ya tambayi cimata. Na ce burodi da shayi da safe, taliya da rana, tsire da yaji da dare. Ya girgiza kai ya ce, "Ɗana, cikinka ne ya bushe, yunƙurin da kake yi a bayi shi ke fito da tsiron." Ya ce in koma tuwon dawa da miyar kuka ko kuɓewa, kwaɗon zogale, gwanda, in yawaita shan ruwa, in daina shiga banɗaki da waya. Ya ba ni bagaruwa in dafa in riƙa zama a ruwan da ɗuminsa. Wannan kam alhamdu lillahi, bahaya ya yi laushi, raɗaɗin ya ragu.

Amma jiƙon nan nasa! Ko yanzu na tuna sai raina ya ɓaci. Robar ruwa ce aka wanke aka ɗura, ba takarda, ba lambar hukumar kula da ingancin abinci da magunguna ta NAFDAC, iyakar abin da ya faɗa "akwai maɗaci a ciki". Wai kofi ɗaya safe da yamma. Wane kofin? Na sha da dare, kafin asuba zawo ya sa ni a gaba, ko jam'i ban samu ba. Ƙafafuna na rawa, wurin ya ƙara kumbura, har na ga jini. Ga ɗinkin salla na mutane jibge a shago. Da na koma masa, wai dattin ciki ne ke fita, in ƙara sayen roba ta biyu. Haba Baba! Mutum na zubar da jini ka ce ya ƙara?

Asibiti na wuce. Likita ya duba ya ce basir ɗin ne, ya hana ni jiƙon, ya kuma ja kunnena cewa ba kowane jini ta dubura ne basir ba, sai an duba. Batun abinci kuwa kusan maganar dattijon ya maimaita. Tuwon dawa da zaman ruwan ɗumi ina nan a kansu. Ragowar jiƙon na tuttular a kwata, kuma ba na tura kowa ya saya.