Tamfol biyu da ƙullin ƙusa: kayan matsugunin da ake raba wa masu ambaliya

Duk shekarar da kogin Logone da Chari suka yi toroƙo, kamar 2022 a Njamena ta ƙasar Chadi ko 2024 a Yagwa da Kuseri na ƙasar Kamaru, abin da ƙungiyoyin agaji suka fi miƙa wa wanda gidansa ya rushe shi ne ƙunshin matsuguni: tamfol biyu, kowanne mita 4 a kan 6, da igiya, waya, ƙusoshi, guduma, zarto, shebur da fartanya.

Tamfol ɗin kam ba laifi. Saƙarsa ta fi ta kasuwa ƙarfi, kuma yana jure rana. Matsalar ita ce babu itace a ƙunshin. Sai magidanci ya nemo gora ko azara da kuɗinsa, a lokacin da kowa ke nema, farashi ya yi sama.

Yawancin yagewar da ake gani daga kafi take. Idan aka buga ƙusa kai tsaye a jikin ledar, iskar hadari ɗaya ta isa ta farke ta. A naɗe bakinta a jikin sanda tukuna, ko a huda marfin kwalba a sa ƙusar ta ciki, a bi kan layin nan mai kauri da ke jikin ledar. Rufin ya sami gangara sosai, a ja shi ya yi tsam, don kada ruwa ya kwanta ya yi tumbi. Ƙasar bakin Logone kuwa yumɓu ce, ba ta shan ruwa, saboda haka a haƙa lambatu kewaye da tantin, a zuba ƙasar a ciki a ɗaga daɓen.

Wuri ma ya yi kaɗan. Ƙa'idar masu agaji murabba'in mita 3.5 ce ga mutum ɗaya, wato ƙunshi ɗaya na iyalin mutum biyar ne. Mai mata biyu da 'ya'ya takwas fa? Dole ya nemi a rubuta shi gida biyu tun wajen rajista, ya kuma raba ɗakin da zana.

Ga damina ya wadatar. Amma da bazara ta kama, zafi ya haura digiri 40, ciki ba ya zaunuwa sai an ɗora zana a sama, an bar tazarar kamu ɗaya tsakaninta da ledar don iska ta ratsa.