Firamaren gwamnati ko ta kuɗi a Agege?

'Yar'uwa, tunda kin tambayi inda za ki sa ɗanki a nan Agege ta jihar Legas, tsakanin firamaren gwamnati da 'yar makarantar kuɗin nan ta layinku, ki kai shi ta gwamnati kawai.

Tsarin da kika baro a Kano shi ne a nan, don dokar UBE (ilimin matakin farko ga kowa) ta 2004 ƙasa baki ɗaya ta shafa: shekara 6 a firamare, 3 a ƙaramar sakandare, kyauta kuma dole. UBEC, hukumar tarayya mai kula da shirin a Abuja, tana ba da tallafi idan jiha ta kawo nata kason, LASUBEB, hukumar ilimin matakin farko ta jihar Legas, ke kula da malamai, kowace ƙaramar hukuma kuma da ofishinta na ilimi. Ko ba komai, in an cuce ki akwai inda za ki kai ƙara.

Autata a ta gwamnatin take. Da ta shiga, ko gaisuwar Yarabanci ba ta iya ba, sai kuka. Malamarsu, wata dattijuwar Bayarabiya, Allah ya saka mata da alheri, ta dawo da ita bencin gaba, ta haɗa ta da wata yarinya mai jin Hausa. Yanzu ita ke yi min ciniki a kasuwa, har masu tumatir na tsokanata. Dama tun 2018 dokar jihar ta wajabta koyar da Yarabanci, kada abin ya ba ki mamaki. Aji a cike yake, wannan gaskiya ne, kuma yunifom da takalmi naki ne.

Ta kuɗin, yara ba su da yawa a aji, wasu suna haɗawa da Islamiyya. Iyakar yabon da zan iya ke nan.

Ba ki tambaya ba, amma ki yi hattara. Wani gida zai kama haya, ya shafa fenti, ya kafa allo, shi ke nan ya zama mai makaranta. Ki ce a nuna miki takardar amincewar gwamnatin jiha, ki karanta da idonki. Marasa ita, lokacin jarrabawa sai su kwashi yara su yi musu rajista da sunan wata makarantar. Wasu kuma daga aji biyar suke tura yaro sakandare don iyaye su ce ana ƙoƙari. Kada ki biya kuɗin shekara a dunƙule.

Ki tanadi takardar haihuwarsa da katinki na LASRRA (katin rajistar mazauna jihar Legas) kafin Satumba. Da yamma ya tafi Islamiyya, kuɗin da ya rage ki ɗaukar masa mai lesin.