Dandali ko Gidan Gala?

Dandali fili ne a tsakiyar ƙauye, ba ƙofa, ba kuɗin shiga. Bayan girbi, in farin wata ya fito, mai kalangu zai rataya gangarsa, 'yan mata su jeru suna gaɗa, aci-balbal na ci a teburin mai shayi. Samari na liƙa wa makaɗi kuɗi a goshi, iyaye kuwa suna jin komai daga zaure. Shi na fi so, don a can kowa ya san 'yar wane ce ke rawa.

Gidan gala kuwa na birni ne: katanga, tikiti, lasifika maimakon kalangu. Bayan Kano ta ƙaddamar da shari'a a 2000, Hisba ta riƙa kai wa irin gidajen nan samame.