Kafin ka zaɓi manhajar matse model ɗin metabolizim, duba yadda take yi da iyakoki

Duk wanda ya taɓa ɗora iML1515, model ɗin kwamfuta na metabolizim ɗin ƙwayar E. coli na 2017 mai riyakshon (sauyin sinadarai a cikin ƙwaya) sama da 2,700, ya ce zai nemo saitin yanke riyakshon (rukunin riyakshon da za a toshe don a sauya aikin ƙwayar) a laftof ɗinsa, ya san dole sai an matse shi, wato a rage yawan riyakshon ta hanyar cire wasu da haɗe wasu, in ba haka ba kwamfuta sai ta kwana tana huci. To amma wace manhaja za ka ɗauka? Ni abu ɗaya nake dubawa tun farko, wato in ta haɗe riyakshon biyu suka zama ɗaya, me ta yi da iyakar kwararar kowannensu, wato mafi ƙaranci da mafi yawan saurin da aka yarje masa.

Ga misali. R1 na mayar da A zuwa B guda biyu, iyakarsa ta sama 10. R2 na mayar da B zuwa C, iyakarsa 12, kuma ba wata hanya da B ke bi. Kenan kullum R2 ninki biyu ne na R1. In ka haɗe su a ma'aunin R1, sai ka raba 12 ɗin da biyu, iyakar gaskiya ta koma 6, ba 10 ba. In ɗaya daga ciki a juye yake tafiya, alama ta sauya, iyakar ƙasa ta koma ta sama. Su kuma riyakshon ɗin da ke aiki iri ɗaya kafaɗa da kafaɗa, nasu iyakokin tarawa ake yi. Manhajar da ta cuɗa waɗannan ba za ta yi maka ƙorafi ba fa, lamba kawai za ta ba ka mai kyan gani, kuma ƙarya ce.

efmtool na Marco Terzer, daga ETH Zurich, da Java aka rubuta shi, kyauta ne, kuma yana iya lissafi da ainihin kaso maimakon lambobi masu ɗigo, shi ya sa matsewarsa take da tsabta sosai. Sai dai an gina shi ne don ƙirga ginshiƙan hanyoyin kwarara (mafi ƙanƙantar hanyoyin da ke iya aiki su kaɗai a model), abin da ya dame shi kawai riyakshon yana komawa baya ko ba ya komawa. Iyakoki irin su 8.39 ɗin da ke ƙasan ATPM (riyakshon ɗin makamashin kula da ƙwaya) a e_coli_core, ƙaramin model ɗin E. coli, ko 10 ɗin shigar gulukos, kai za ka bi su da hannunka.

CellNetAnalyzer na rukunin Steffen Klamt a cibiyar Max Planck da ke Magdeburg a Jamus ya daɗe a fagen, kuma abin da nake so da shi za ka iya ce masa kar ya taɓa riyakshon kaza da kaza. Ni da zan ba da shawara, duk mai iyakar da ba sifili ba ka kare shi, ko da matsewar za ta ragu kaɗan. Matsalar MATLAB yake buƙata, in jami'arku ba ta da lasisi kuɗin dala ne, ba wasa ba.

COBRApy, manhajar Python ta aiki da irin waɗannan model, shi kaɗai zai nemo maka matattun riyakshon, waɗanda ba abin da ke bi ta cikinsu, ka cire, amma haɗewa sai dai ka rubuta da kanka. StrainDesign da ya fito 2022 a kansa yake zaune, Python ne kyauta, yana matsewa yana kuma ajiye taswirar wane ya shiga cikin wane da ninkinsa, don ka iya warware amsa daga baya. Sannan yana da hanyar mayar da 1000 ɗin da aka saba sa wa riyakshon a matsayin iyaka zuwa mara iyaka. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, don 1000 ɗin ba awon lab ba ne, cike gurbi ne kawai, amma in aka raba shi da babban ninki sai ya faɗo ya zama shinge na gaske yana danne girman ƙwayar.

Ɗalibin da ba shi da MATLAB, StrainDesign zan ce ya ɗauka, da manhajar warware lissafi, GLPK ko Gurobi mai lasisin 'yan makaranta. Kuma ko wacce ka zaɓa, yi FBA (lissafin kwararar da ke ba da girma mafi sauri) da FVA (lissafin mafi ƙaranci da mafi yawan kwararar kowane riyakshon) kafin matsewa, ka sake yi bayanta, ka kwatanta saurin girma da iyakokin riyakshon ɗin musaya, masu shigar da kaya da fitar da su, ɗaya bayan ɗaya. Fara da e_coli_core tukuna, riyakshon 95 ne kacal, in akwai kuskure da ido ma za ka kama shi.