Wasiƙa daga Manchesta kan Intanet da Kayan Zamani a Gidan Saukar Baƙi

Yaya, bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya tare da iyali, na samu saƙonka game da ɗakunan da ka kammala a Hanwa, waɗanda kake son ka riƙa bai wa baƙi haya na kwana biyu ko mako guda maimakon ka zuba 'yan haya na shekara. Ka tambaye ni irin kayan zamanin da ake tanadar wa baƙi a nan Ingila. Da yake ina taimaka wa wata mata mai irin waɗannan gidaje wajen gyara su a ƙarshen mako, zan faɗa maka abin da idona ya gani, in kuma ware wanda zai yi aiki a Zariya daga wanda ba zai yi ba.

A nan, baƙo ba ya ɗaukar intanet a matsayin alfarma, domin yana lissafa shi tare da ruwan famfo da zanen gado, kuma sau da yawa kafin ya ajiye jakarsa ya riga ya nemi lambar sirrin waifai. Saboda haka a kowane gida muna manna ɗan kati a jikin firji, ɗauke da sunan layin da lambar sirrinsa, da kuma wani ɗan zane mai murabba'i da mutum zai haska da kyamarar wayarsa ya shiga ba tare da ya rubuta komai ba. Layin yana shigowa gida ta waya ne daga titi, babu maganar ƙarewar data, kuma abin da mai gida ke biya a wata bai kai kuɗin da baƙo ke biya na kwana ɗaya ba. Manhajar Airbnb, wadda yawancin baƙin ke kama ɗaki ta cikinta, ta fito da hanyar gwada saurin intanet a shekarar 2021, kuma gidan da ya kai megabit 50 a daƙiƙa ne ake rubuta masa cewa yana da waifai mai sauri. Baƙon da ya tarar da saɓanin haka zai rubuta ƙorafinsa a fili, duk mai neman ɗaki ya karanta.

Amma abin da na fi so ka lura da shi, wanda mutanen nan ba sa ma tunawa da shi, shi ne cewa duk wannan tsari yana tsaye ne a kan wutar lantarkin da ba a ɗaukewa. Matar da nake yi wa aiki ba ta taɓa zama ta yi lissafin abin da zai riƙe rautarta, wato na'urar da ke watsa waifai a gida, da dare ba. Kai kuwa daga nan ne lissafinka zai fara, domin intanet ɗin da ke mutuwa duk lokacin da aka ɗauke wuta, ko aka kashe janareta ƙarfe goma sha biyu, ya fi rashinsa ɓata wa baƙo rai, tunda an yi masa alkawari. Abin farin ciki shi ne rauta ba ta da ci. Wat 10 zuwa 15 ya ishe ta, don haka ƙaramin batir da inbata da faifan sola za su riƙe ta dare da rana tare da ƙwan fitila da fanka da wurin cajin waya. Shawarata ita ce ka raba wannan layin wutar da na na'urar sanyaya ɗaki da dutsen guga, yadda ko baƙo ya jona abu mai nauyi, intanet ba zai tafi tare da shi ba. Ka kuma sa abin kare kayan wuta daga tsawa, ka san yadda hadarin watan Agusta yake a garinmu.

Game da inda za ka samo intanet ɗin, hanya mafi sauƙi ita ce rauta mai cin layin waya, na MTN ko Airtel ko Glo, sai dai kada ka saya don wani ya yaba maka. Sabis ɗin da ke da ƙarfi a Samaru yana iya yin rauni a Tudun Wada ko cikin Birni, saboda haka ka shiga ɗakunan da kanka ka gwada kowane layi, musamman bayan sallar isha'i lokacin da kowa ke kan waya, sannan ka ajiye layi na biyu na wani kamfanin saboda ranar da na farko ya yi gardama. Akwai kuma Starlink, intanet ɗin tauraron ɗan Adam, wanda ya fara aiki a Najeriya a watan Janairun 2023 kafin kowace ƙasa a Afirka. Yana da sauri kuma bai dogara da turakun waya ba, amma kayansa da kuɗin watansa suna da tsada, yana buƙatar sararin sama da bishiya ba ta tare ba, kuma yana jan wuta tsakanin wat 50 zuwa 100, wanda ke nufin ƙarin batir. Ni dai ba zan fara da shi ba sai na ga ɗakunan suna cika.

Akwai wani bambanci da ba a cika kula da shi ba, wato bango. Yawancin sababbin gidajen nan, bangon da ke raba ɗakuna na allon filasta ne, sigina na ratsa shi cikin sauƙi, alhali namu bulo ne da siminti, ga kuma rodi a rufin bene. Idan ka ajiye rauta a ɗakin maigadi, wanda ke ɗakin ƙarshe ba zai samu komai ba. A ɗora ta a sama a tsakiyar gidan, in kuma gidan na da faɗi a ja waya zuwa na'ura ta biyu.

Talabijin ba sai mai girman bango ba. Wanda ke shiga intanet ya wadatar, amma ka koya wa yaron da zai kula da gidan ya riƙa duba shi bayan tafiyar kowane baƙo, domin a nan kusan kullum nakan tarar da wani ya tafi ya bar asusunsa na Netflix ko YouTube a buɗe, kuma fitar da shi amana ce. Soket a gefen gado da tebur da kujera mai kyau sun fi amfani ga malamin da ya zo jarrabawar ɗaliban digiri na uku a Jami'ar Ahmadu Bello, ko wanda ya kawo mara lafiya asibitin Shika yana kuma son ya ci gaba da aikinsa. Fulogin Ingila mai ƙafa uku shi ne namu, don haka adafta ɗaya ko biyu kawai za ka ajiye saboda masu zuwa daga Amurka ko Jamus hutun Sallah.

A nan baƙo yakan ɗauki makulli daga wani ɗan akwatin ƙarfe mai lamba a bakin ƙofa, ya kwana ya tafi bai ga kowa ba. Ban ga dalilin kwaikwayon wannan a garin da baƙo ke jin daɗin a tarbe shi da sannu da zuwa ba. Kyamarar tsaro ka tsayar da ita a bakin get, ka kuma sanar da baƙi, domin Airbnb ma ya haramta ta a cikin ɗakuna tun ƙarshen watan Afrilun 2024, balle mu da iyalan mutane za su sauka. Abin da nake roƙonka ka kwaikwaya ba tare da jinkiri ba shi ne ƙararrawar da ke kuka idan iskar guba ta taru a ɗaki. A nan saboda na'urar ɗumama gida mai aiki da gas ake sa ta, mu kuwa hayaƙin janareta ne ke kashe mutane cikin barci. Zan aiko maka da guda uku ta hannun mai zuwa gida, kai kuma ka turo mini sakamakon gwajin layukan daga kowane ɗaki kafin ka biya kuɗin rauta.