Tambarin harshe biyu na jihar New York: yadda ta kaya mana da Hausa

Ɗiyata ta gama sakandare a Bronx, wani yanki na birnin New York, kuma a jikin takardar shaidarta akwai tambarin da ake kira Seal of Biliteracy, wato shaidar cewa ɗalibi ya iya magana da karatu da rubutu a harshe biyu; nata na Turanci da Hausa ne. Iyaye da dama a masallacinmu, 'yan Ghana da 'yan Nijar, sun yi ta tambayata ko abin ya cancanci wahalarsa. Ya cancanta, amma sai an tsaya tsayin daka.

Jihar California ce ta fara kafa dokar wannan tambari a 2011, New York ta biyo baya a 2012, yanzu kuwa duk jihohin Amurka 50 suna da shi. A nan New York maki ake tarawa: uku a Turanci, uku a ɗaya harshen. Na Turanci bai ba mu wuya ba, domin cin 80 a Turanci a jarrabawar Regents, wato jarrabawar jiha ta 'yan sakandare, maki ɗaya ne, sauran kuma ta samu da aikin aji. Jihar ba ta karɓar ko sisi a kan tambarin.

A ɓangaren Hausa aka sha fama. Yaran da ke Sifaniyanci ko Faransanci suna da aji da malami, hanyarsu a share take. Mu ba ajin Hausa, don haka sai ta bi hanyar babban aikin bincike mai maki biyu, wanda ɗalibi zai rubuta ya kuma gabatar a gaban alƙalai da harshen, ta cike sauran da jarrabawa. Ta zaɓi tarihin fataucin goro tsakanin Kano da Gonja ta arewacin Ghana, saboda kakanta na wajen uwa bafatake ne. Magana kam ba a cewa komai, yarinyar da ke musu da uwarta da Hausa tun tana tatata. Rubutu ne ya tona mana asiri. Ba ta san inda ake sa ƙ da ɗ da ɓ ba, tana haɗe kalmomi yadda ta ga dama, rabin jimlarta Turanci. Sai da muka yi watanni muna zama bayan sallar isha'i, tana karanta labaran sashen Hausa na BBC da ƙarfi, tana kwafe su da hannu.

Abin da ya ɓata mini rai shi ne makarantar ba ta sanar da mu da wuri ba. Daga bakin wata ƙawarta 'yar Senegal muka ji. Da aka zo neman wanda zai saurari gabatarwar, malamar da ke kula da shirin ta ce ba ta san mai jin Hausa ba, alhali ga mu nan cike da unguwa. Ni na nemo musu wani malamin makaranta ɗan Zinder. Ita dai malamar ta yi ƙoƙari daga baya, ba zan ci haƙƙinta ba.

Kada kuma a ɗauka tambarin zai buɗe kowace ƙofa. Wasu jami'o'i na rage wa ɗalibi darussan harshe saboda shi, wasu ba ruwansu, sai a tambaya tukuna. Ba kowace makaranta ke cikin shirin ba, ganin dama ne. Duk mai yaro a aji 10 ko 11, ya je ofishin mai ba ɗalibai shawara tun yanzu ya tambaya, ya kuma tafi da sunan wanda ya iya rubuta Hausa a aljihunsa.