Faifan sanyaya laftop ɗin gem: mai fanka biyar ko mai soso?

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka tambayi wane faifan sanyayawa, wato abin da ake ɗora laptop a kai yana hura mata iska ta ƙasa, ya kamata ka saya wa laptop ɗinka ta gem. A cikin biyun da ka turo hotonsu, wato mai ƙananan fankoki biyar da fitilu wanda ake jonawa a USB, da mai babbar fanka guda da soso zagaye da ita wanda yake zuwa da cajarsa, ɗauki mai soson. Laptop ɗinka Acer Nitro 5 mai inci 15.6 da take kakkatsewa bayan rabin awa ana buga gem, mai fanka biyar ba zai raba ta da wannan ciwon ba.

Kifa laftop ɗin ka duba ƙasanta. Ragar da ka gani, ta nan fankokinta biyu na ciki suke zuƙo iska, su tura ta tsakanin siraran haƙoran ƙarfe da ke manne da bututun jan ƙarfe, sannan iskar ta kwashi zafin ta fice ta baya da gefe. Duk sanyayawar a nan take faruwa. Faifan da za ka saya ba ya taɓa firosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, ba ya taɓa katin hoto mai zana hotunan gem. Abin da zai iya yi guda ɗaya ne: ya ƙara yawan iskar da ke kutsawa ta wannan ragar. Saboda haka ka daina ƙirga fankoki, ka tambayi ina iskar take bi.

A mai fanka biyar, iskar tana bugun robar ƙasan laftop ne ta watse ta ko'ina, domin gefe a buɗe yake kuma iska hanya mai sauƙi take bi. Ga kuma ƙarancin wuta. Ramin USB 2.0 bolt 5 yake bayarwa da rabin amfiya, wato wat 2.5. Na USB 3.0 yana kai wat 4.5. Raba wannan tsakanin fankoki biyar da fitilu, kowace fanka ba za ta sami cikakken wat ɗaya ba. Shi ya sa irin su Havit HV-F2056 mai fanka uku suke juyi wajen 1,100 a minti, iskar tasu da ƙyar take ɗaga takarda. Ragin da ake samu da su bai cika wuce digiri 2 zuwa 5 ba, kuma yawancinsa daga ɗagowar da laftop ta yi daga kan tebur ne. Na taɓa sayen irinsa, ba zan ce bai yi komai ba, amma murfin kwalba biyu a ƙarƙashin ƙafafunta na baya za su ba ka kusan abin da ya ba ni. Ya dace da mai aikin ofis da ke son ɗora kwamfuta a cinya ko kan gado kada katifa ta toshe mata numfashi. Iyakarsa ke nan.

Mai soso wani abu ne daban, kuma shi ne a kan teburina. Idan ka ɗora laftop, nauyinta yana danne soson, sai tsakaninta da faifan ya zama kamar rufaffen akwati. Babbar fankar tana cusa iska cikin akwatin, iskar ta nemi mafita ta rasa, sai ragar laftop ɗin. Dole ta shiga. Za ka gane haka da hannunka: sa tafinka a bayan kwamfutar ka murɗa gudun faifan sama, za ka ji iskar da ke fita ta ƙaru nan take, har ta tsakanin maɓallan rubutu za ka ji tana ɓullowa. Wurin maɓallan W, A, S da D da yake ƙona yatsa sai ya huce, fankokin ciki da suke kuka kamar za su tashi sama su sassauta. A laftop mai buɗaɗɗiyar raga a ƙasa irin taka, ragin digiri 10 ko fiye ba abin mamaki ba ne.

Sanannu a wannan layin su ne IETS GT500 da GT600, da Llano V12, da wanda kamfanin Razer suka fitar. GT600 da V12 fankarsu santimita 14 ce, tana kai juyi 2,800 a minti. Na Razer shi ma santimita 14, yana kai 3,000, sai dai kuɗinsa ya fi. GT500 kuwa fankarsa ba ta kai su girma ba, amma akwai samfurinsa da ke kai juyi 5,000, kuma ƙararsa a wannan gudun ba ta zaunuwa, kamar injin busar da gashi a gefen kunne. In da zaɓi, ɗauki mai santimita 14. Babbar fanka tana tura iska mai yawa ba tare da ta yi gudun fitar hankali ba, kuma sautinta mai kauri ne, bai kai na ƙarama cizon kunne ba.

Ba zan ɓoye maka aibinsa ba. Yana da ƙara idan ka kai shi ƙarshe. Yana da girma da nauyi, ba abin sawa a jakar makaranta ba ne. Yana kuma buƙatar soket ɗinsa, don cajarsa bolt 12 ce. In aka ɗauke wuta ya tsaya, amma wannan ba asara ba ce sosai, tunda laftop ɗin gem da kanta tana rage ƙarfin katin hoto da zarar ta koma kan batir. Idan kana kan inbata ko ƙaramin janareta, wutar da faifan yake ja kaɗan ce a gefen cajar laftop ɗin da ke tsakanin wat 135 zuwa 230.

Amma kafin ka cire ko sisi, yi wannan gwajin, don akwai zafin da babu faifan da zai magance shi. Sauke HWiNFO64, manhajar da ke nuna zafin sassan kwamfuta, kyauta ce. Buɗe ɓangaren da yake nuna zafi, ka bar shi a buɗe, ka buga gem ɗin da ya fi wahalar da ita na minti 30 tana jone da caja. Sai ka koma ka duba mafi girman lambar da firosesa ta kai a layin CPU Package, da ta katin hoto, da kuma layin Thermal Throttling, ko ya nuna Yes. Yawancin firosesocin Intel na laftop suna rage gudu da kansu a digiri 100, katin NVIDIA na laftop kuma a wajen 87. Kakkatsewar da kake gani ita ce wannan rage gudun. Rubuta lambobin ka ajiye.

Yadda zafin yake hawa shi zai faɗa maka inda ciwon yake. In ka buɗe gem cikin 'yan daƙiƙu ya yi tsalle ya haura 90, alhali iskar da ke fita ta baya ba ta da wani zafi, to man da ke tsakanin firosesa da jan ƙarfen ne ya bushe. Zafin yana maƙale a ciki bai isa wurin iska ba, ko guguwa ka kunna a ƙasa ba za ta kai gare shi ba. In fankoki suna ta ihu amma iskar da ke fita 'yar kaɗan ce, ƙura ce ta toshe haƙoran. In kuwa zafin a hankali yake hawa, minti goma, minti ashirin, kuma iskar bayan tana fita da ƙarfi da zafi, to wannan ita ce laftop ɗin da mai soso zai yi wa aiki sosai.

Maganin ƙura ba wuya. Kashe ta, zare caja, kwance kusoshin murfin ƙasa, sannan ka fara zare igiyar batir kafin ka taɓa komai. Riƙe fankar da yatsa kada ta juya, ka share da burushin haƙori busasshe, ka hura. Tsakanin fanka da haƙoran ƙarfe za ka tarar da dunƙulen ƙura kamar auduga, shi ne babban mai laifin, ciro shi da tsinke a hankali. Batun mai kuwa, in laftop ɗin ta shekara biyu zuwa uku ba a canza ba, ko ta hannu ka saya ba ka san tarihinta ba, a canza. Arctic MX-4 ko MX-6 sun wadatar, Honeywell PTM7950 kuma ya fi daɗewa bai zame ba. A goge tsohon tas, a sa kaɗan, a ɗaure kusoshin bisa lambobin da aka rubuta kusa da su. Masu laptop ɗin ASUS ROG da ke karantawa, da yawa daga cikin naku ruwan ƙarfe ne a kan firosesa maimakon mai, wutar lantarki tana bi ta cikinsa, ɗigo ɗaya a kan allon ciki ya isa ya kashe kwamfutar. Ku kai wa wanda ya san aikin.

Idan faifan ya iso, zaman da ka yi masa shi ne rabin aikin. Soson ya zagaye ragar shigar iska gaba ɗaya, kada ya hau kanta ya rufe wani sashe, kada kuma ya kai ga ramukan fitar iska na baya da gefe. Ƙafafun roba na laftop su ne suke yawan ɓata lamari, idan ɗaya ta hau kan soso sai ta ɗage gefen iska ta riƙa zurarewa. Yagi 'yar takarda mai laushi ka zagaya da ita gefe-gefe faifan yana aiki, duk inda ta kaɗa akwai ɓaraka, gyara zaman. Wasu faifan suna zuwa da ƙarin soso na ƙananan laftop, duba cikin kwali kafin ka jefar. Kada ka ɗauka sai ka kai shi ƙarshen gudu. Fara daga juyi 1,000, ka riƙa ƙarawa kana kallon HWiNFO64, za ka ga inda ƙarin gudu ya daina kawo ragin kirki sai ƙara kawai. Tsaya a nan. Kuma in ka kashe laftop, kashe faifan, don iskarsa tana juya fankokin ciki a banza.

Duk wannan na laftop mai shaƙar iska ta ƙasa ne. Mai MacBook ko wata siririyar da ƙasanta shafe yake ba raga, kada ya saya, iskar ba ta da ƙofa. Sai waɗansu nau'i biyu da za a iya nuna maka a shago. Akwai ƙaramin da ake maƙalawa a ramin gefe yana zuƙo iska, an yi shi ne don tsofaffin laftop masu mafita guda, taka tana da fiye da haka. Akwai kuma mai farantin da yake yin sanyi kamar ƙanƙara, wannan dabarar wayar hannu ce, robar ƙasan laftop kawai zai sanyaya, yana kuma iya tara raɓa.

Yanayinmu ma yana da nasa hukuncin. Faifai ba firji ba ne, iskar ɗakin yake turawa. A bazara, watan Maris zuwa Mayu, lokacin da Kano da Sakkwato da Maiduguri suke haura digiri 40, lambobinka ba za su yi daidai da na masu gwaji a ɗaki mai digiri 22 ba, kusan duk digirin da ya ƙaru a ɗaki sai ya bayyana a firosesa. A hunturu kuma mai soso yana cusa iska da yawa, ƙura ma da yawa. Don haka kada ka karɓi wanda ba shi da matatar ƙura a bakin fanka. Cire ta duk mako a lokacin hazo, ka kakkaɓe ko ka wanke, ta bushe ƙarau kafin ka mayar.

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hattara da wasu 'yan kasuwa. Akwai mai nuna maka kwali an zana ƙanƙara an rubuta ragin digiri 30, a ciki kuwa fankokin USB ne da fitilu masu canza launi. Ba girin-girin ba, ta yi mai. Akwai mai cire cajar asali ya sa wata mara ƙarfi, ka je gida fanka ta kasa kai gudunta. Karanta jikin cajar da idonka: fitarwa bolt 12, shigarwa 100 zuwa 240, kuma amfiyarta ta yi daidai da abin da aka rubuta a kwali ko a ƙasan faifan. Danna soson da yatsa, sabo yana dawowa nan da nan, wanda aka yi amfani da shi aka mayar kwali yana nan a lotse da sawun ƙafafun wata laftop. A jona shi a gabanka, a murɗa daga ƙasa har sama, lambar da ke allonsa da ƙarar fankar su riƙa hawa tare, kuma kada ka ji kaɗawa ko gurnani. Idan ta intanet ne, sai an turo maka bidiyon ainihin kayan a kunne, da sunan kamfanin a jikinsa, da cajar, da matatar, kafin ka tura kuɗi, domin ana saka hoton IETS ko Llano a kawo maka marar suna. Mafi kyau ka tafi da laftop ɗinka shagon ka ɗora ta a kai. Mai kayan kirki ba zai hana ka ba.

Yawancin faifan nan filogin cajarsu mai baki biyu ne na Sin ko Amurka, sai ka haɗa da adafta mai kama soket da kyau, don mai lako-lako yana tartsatsi ya ƙona caja.

In kuɗin mai soson bai cika ba yanzu, kada ka yi maleji da sayen mai fanka biyar. Share ƙura, canza mai, ɗaga bayanta da ƙaramin mazaunin ƙarfe, sa fankoki a kan cikakken gudu a cikin NitroSense, manhajar Acer da ke cikin laptop ɗinka, ka kuma ƙayyade hotunan gem ɗin a 60 cikin daƙiƙa don katin hoto ya daina aikin da ido ba ya buƙata. Wannan zai riƙe ka har ka tara. In kuɗin na hannu, GT600 ko V12, duk wanda ka samu na asali da cajarsa da matatarsa. Idan ka ɗora, maimaita gwajin minti 30 ɗin a gem guda da ɗaki guda, ka turo mana lambobin farko da na biyu mu duba ko soson ya zauna daidai.